Watan da Aka Rage wa Cikin Judit

Likita Madina ta daɗe tana zagaya kan na'urar hoto a bisa cikin Judit, fiye da yadda ta daɗe a kan matar da ta fita kafin ita. Judit ta lura. Malamar firamare ce, ta san bambancin shirun mai duba takardar da ta yi kyau da shirun mai laluben inda zai tsinto wa yaro maki ɗaya don kada ya faɗi.

"Malama Judit, yaushe kika ce kin ga al'adarki ta ƙarshe?"

"Farkon Disamba, Likita. Kafin Kirsimeti."

"Babu shakka a ciki?"

"Babu."

Likitar ta juyo da allon na'urar yadda Judit za ta gani daga kwance. Abin da ke kai ya yi kama da hadari a cikin baƙin gilashi, amma da aka nuna mata sai ta gane kai, ta gane ƙashin cinya, ta ga wani ɗan abu yana bugawa da sauri. Likitar ta yi bayani a hankali, da Hausar da ba ta da ado. Bisa lissafin wata, cikin ya kai mako talatin da biyu. Bisa awon na'ura, jikin ɗan bai wuce na mako ashirin da takwas ba. Kan ya ɗan yi ƙoƙari, amma tumbin ya rage a baya. Ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Jinin da ke bi ta cibiya ya kai masa abinci kuwa da ƙyar yake tafiya, kamar famfon unguwa a watan Maris.

"Ba laifinki ba ne, ba kuma ƙarancin abinci ba ne," in ji likitar. "Mabiyiyar ce ta gaza. Ina so in ba ki gado yau ko gobe. Za mu yi miki allurar da za ta ƙarfafa huhunsa, mu riƙa dubawa kullum. Ranar da muka ga zaman ciki ya fi masa haɗari a kan fitowa, sai mu yi tiyata mu ciro shi. Ki zo da maigidanki, akwai takardar da zai sa wa hannu."

Tana goge mata man da aka shafa a ciki ta ƙara da cewa da an yi hoto tun cikin yana ɗan wata biyu, da yau babu mai gardamar kwanan wata.

Ba a yi wannan hoton ba, kuma da dalili. Sau biyu Judit ta yi ciki a shekarun aurenta da Ruben, sau biyu aka sanar a coci aka yi guɗa, sau biyu cikin ya zube kafin ya kai wata huɗu. Na ukun sai ta bi shawarar manya, ta ɓoye shi daga baki da ido. Ta koma sa faffaɗar buba, ba ta gaya wa kowa ba in ban da mijinta, ba ta kuma taka ɗakin awo ba sai da buba ta kasa rufa asiri. Cikin ya zauna, ita ma ta ɗauka dabarar ce ta yi aiki.

Ruben ya iso gidansu na Gangaren Tudu bayan magariba, da gajiyar cunkoson Mararaba a fuskarsa. Ma'aikaci ne a sashen kula da fayilolin ma'aikata na wata ma'aikata a Abuja, inda ya koyi abu biyu da yake riƙe da su kamar aya. Na farko, fayil ɗin da aka ƙi a wannan tebur ana iya amincewa da shi a wancan. Na biyu, kwanan wata abu ne da ake gyarawa. Shi kansa ya taɓa zuwa kotu ya rantse ya rage wa kansa shekaru, har ƙanwarsa Febi ta wayi gari ta zama yayarsa a takarda, kuma babu wanda ya mutu saboda haka.

Ya saurari Judit har ta gama. Ya karɓi hoton da aka ba ta a asibiti ya ɗaga shi ga haske, ya dube shi yadda yake duba wasiƙar da ba ta yi masa daɗi ba.

"Tiyata," ya ce. "Su dai waɗannan, da sun ga mutum da ciki, wuƙa ke musu ƙaiƙayi."

"Maigida, ta ce jinin ba ya isarsa."

"Ta ce. Mutum ɗaya ya ce. Judi, ba a yanke hukunci da sa hannu ɗaya. Gobe Asabar, za mu je wani wurin."

Wani wurin shago ne kusa da tasha, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. A allon ƙofar an zana wani jariri ƙato mai kumatu kamar gurasa. Mai shagon sunansa Julius, yana sa farar riga, jama'a na kiransa Dokta, shi kuma bai taɓa cewa e ba bai taɓa cewa a'a ba. Ya tada janareto, ya shafa mai, ya auna kai, ya auna cinya, ya danna maɓallai. Lambobin da suka fito su ne dai na jiya. Ruben ya sunkuyo ya tambaya ko babu abin da za a iya yi.

"Oga, inji ba ya ƙarya," in ji Julius. "Mata ne ke mance kwanan wata. Ni nan kullum sai na gani. Madam, kin ce Disamba?"

"Disamba."

"To bari mu ce Janairu mu gani."

Ya goge, ya rubuta, ya danna. Wani ɗigo da ke can ƙasan layin awo a allon na'urar ya tashi ya zauna a tsakiya daram.

"Ka gani? Yaro daidai da watanninsa. Ba ƙarami ba ne, ƙuruciya ce kawai. Haihuwa sai Oktoba, ba Satumba ba. Oga, ka je ka sayi bargo, ka daina wahalar da kanka."

"Ruwan fa?" in ji Judit. "An ce ya ragu."

"Madam, ki riƙa shan ruwa da kankana. Ga damina ma ta kankama, ruwa ai ba abin nema ba ne."

Ruben ya yi dariya, dariyar farko tun jiya. Na'urar Julius ba ta iya ganin tafiyar jini a cibiya, saboda haka batun jinin bai taso ba. An buga musu sabon hoto, aka sa a ambulan mai tambari.

A cikin keken da ya mayar da su gida Judit ta buɗe baki ta rufe. Lissafin ba mai wuya ba ne, 'yan aji huɗunta ma za su iya shi. Washegarin sabuwar shekara Ruben ya tafi kwas Legas, bai dawo ba sai ana gobe Ista. Cikin da aka ce ya shiga bayan al'adar Janairu, ya shiga ke nan gadon mijinta na nan babu kowa. Ta san wannan sarai, ta kuma san babu wata al'ada da ta gani a Janairu. Amma ambulan ɗin na kan cinyarta, a cikinsa an rubuta lafiya, an rubuta Oktoba, ba a rubuta wuƙa ba. Yayarta Angela da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata shekarun baya, a lulluɓe aka fito da ita. Judit ta dafa ambulan ɗin kada iska ta ɗauke shi, ta bar lissafin ba ta yi ba.

Ranar Litinin Mama Paulina, mahaifiyar Ruben, ta sauka daga ƙauye da doya, da acca, da galan na man ja, da kaji biyu ɗaure a kwando. An gaya mata a waya cewa wata likita ta ce jikanta ƙarami ne, wani likita kuma ya ce ba haka ba. Ita dai abin da ta ɗauka shi ne ana raina danginta da rashin ciyar da suruka.

"'Yata, tashi ki ci. Mu da muka haifi takwas a bayan ɗaki, wa ya leƙa cikinmu da talabijin? Yaro hatsi ne, taki yake so."

Da safe kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai. Da rana sakwara da miyar agushi da hanta. Tsakani kuma lemon malt da aka juye wa madarar gwangwani, da ruwan ganyen ugu mai ɗanyen wari wanda Judit ke toshe hanci ta haɗiye. Ruben ya aro tef wurin telan da ke maƙwabtaka da su, kullum in ya dawo sai ya zagaya shi a ƙugunta, ya sa farce a kan lamba, ya fita tsakar gida ya sanar wa uwarsa. Lambar kuwa tana hawa. Kumatun Judit sun cika, zoben aurenta ya fara matse yatsa, tef ɗin tela kuma ba ya tambayar naman wa yake aunawa.

Sau ɗaya wata nas ta kira daga asibiti ta ce Likita Madina na cigiyarsu. Ruben ya karɓi wayar ya yi godiya cikin ladabi, ya ce suna nan tafe, irin tafen da ake ce wa mai bibiyar fayil.

Aka yi hutun makaranta. Judit ta rasa hayaniyar yara da za ta ɓuya a ciki, sai ta koma sauraron cikinta. Da can ɗan yana harbi in an buga ƙararrawar tashi, yana harbi in ta sha ruwan sanyi. Yanzu sai dai juyi a hankali, kamar na mai barcin da ba ya so a tashe shi. Ta gaya wa Mama Paulina.

"Ƙiba ce," in ji tsohuwar. "Wuri ya yi masa kaɗan. Ki gode Allah."

Ta gode Allah. Takan kwanta a gefen hagu bayan cin abinci ta ɗora tafin hannu tana jira, in motsin ya zo sai ta ce to ga shi, in ya yi jinkiri sai ta ce ai ɗazu ya yi. Haka mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi.

Ranar Lahadi a coci mata zumunta ne suka yi waƙar baiko, wadda ake rerawa lokacin ba da sadaka. Sun fito da ganga da tulu da kacau-kacau, coci ta ɗauka har benci na rawa. Wannan gangar ba ta taɓa tashi ba ɗan bai amsa ba. Judit ta zauna da hannu biyu a kan ciki daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba ta ji komai ba.

Bayan an tashi aka tsaya gaishe-gaishe a ƙarƙashin mangwaron harabar coci. Mama Martina, shugabar zumuntar mata, wadda ta san Ruben tun yana yawo ba wando, ta tare shi.

"Kai Ruben, yaushe za mu ci shinkafar suna? Mun gaji da ta mutane."

"Oktoba, Mama, in Allah ya yarda."

"Oktoba?" Ta shiga naɗe yatsu tana ƙirga wata da baya, yadda kowace tsohuwa ke yi ba tare da an sa ta ba. Ta tsaya, ta dube shi, ta ƙyalƙyale. "Ashe Legas kusa take. Wato gwamnati na can tana biyan kuɗin kwas, kai kana satar hanya kana zuwa gaida Malama. Bari mu kai ƙararka wurin ogan naku."

"Ko ta waya ya aiko," in ji wata daga baya.

Mata suka yi ta dariya. Babu mugunta a ciki, babu wadda ta kawo komai a ranta. Ruben ma ya yi tasa dariyar, sai dai ta tsaya masa a haƙora. Suka kama hanyar gida.

Suka tarar Mama Paulina ta riga su, tana kirɓa sakwara a tsakar gida. Hadari ya haɗo daga gabas. Judit ta shiga ɗaki, ba ta cire ɗankwali ba, ta jawo jakar da ta shirya tun watan jiya daga ƙarƙashin gado. Ruben ya biyo ta ya tura ƙofa.

"Ina za ki?"

"Asibiti. Tun jiya da la'asar bai motsa ba."

"Dokta Julius ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, ina wurin." Ta zauna a bakin gado. "Maigida, ka ji Mama Martina. Ba ka zo ba a Janairu, ba ka zo ba a Fabrairu. Ni na sani, kai ka sani. To zaɓi ɗaya. Ko dai ɗan nan naka ne kuma ba shi da lafiya, ko kuwa lafiyarsa ƙalau amma ba naka ba ne. Takardu biyu ne a cikin akwatin nan, ba za ka riƙe duka ba."

Ruben ya tsaya. Taɓarya na ta sauka a turmi a waje. Judit ta ɗaga ido ta dube shi, sai ta ga abin da ba ta zata ba: yana aunawa. Ba zarginta yake yi ba, ta san shi. Yana dai neman tebur na uku ne, inda za a ce ɗan nasa ne kuma lafiyayye, a buga hatimi. Ya laluba bai samu ba. Ya zauna a kujera kamar wanda aka zare wa ƙashin baya.

"Da kin faɗa tun a shagon," ya ce.

"Da na faɗa."

Ya tashi ya ɗauki jakar. Mama Paulina ta biyo su har ƙofar gida da taɓarya a hannu tana tambayar wa zai ci sakwarar.

Likita Madina ba ta bakin aiki, daga gida aka kira ta. Ta zo da jiƙaƙƙen hijabi da ƙanshin albasa a hannunta. Ba ta tambaye su ina suka shiga ba. Ta ɗora na'ura, ta duba, wannan karon ba ta daɗe ba.

"Zuciyar na bugawa, amma ta gaji. Ruwan ya kusa ƙarewa. Babu lokacin jiran allura ta yi aiki. Yanzu za mu shiga."

Aka miƙa wa Ruben takarda. Mutumin da bai taɓa sa hannu a abin da bai karanta sau biyu ba ya sa hannu a tsaye, a jikin bango.

Aka ciro ɗan, ashe mace ce. Ba ta yi kuka ba. Judit, da aka kashe mata jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ta ji ana magana ƙasa-ƙasa a kusurwar ɗakin, ta ji ana matsa wani abu na roba, can sai wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa a bayan ƙofa. Aka wuce da jaririyar da sauri. Nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, aka sa ta a kwalba a ɗakin bakwaini.

Kwana biyu bayan haka Judit ta iya takawa tana dafa bango. Mama Paulina ta so hana ta zuwa ɗakin bakwaini.

"'Yata, kada ki yawaita kallo. Irin waɗannan baƙi ne, sai sun nuna za su zauna ake sa musu rai."

Judit ta je. Yarinyar na kwance rigingine, fatarta ta yi mata yawa kamar rigar aro, fuskarta irin ta tsohuwar da ta ga duniya. Akwai siririyar roba a hancinta, akwai wata a cibiya. Ƙirjinta na shiga yana fita da sauri. Aka ba Judit ɗan kofi ta tatsa, ta samu abin da bai cika cokalin shayi ba, nas ta zuƙe shi da sirinji kamar zinariya. Kowace safiya labarin da nas ke bayarwa kalma biyu ne, ta kwana, Judit kuma ta koyi rayuwa a kansu har zuwa wata safiyar.

Ruben ya ɗauki hutu. Yana zaune a benci a baranda daga safe zuwa yamma, in an rubuta magani ya ruga ya sayo, in ba a rubuta ba ya tambaya ko akwai abin da za a rubuta.

A rana ta huɗu nas ta ƙi karɓar kofin. Ta ce cikin yarinyar ya kumbura, an dakatar da ba ta nono. Da azahar Likita Madina ta zo da likitan yara, suka tsaya a gefen gadon Judit, suka faɗi abin da ke akwai ba tare da kwana-kwana ba. Hanjin bai samu isasshen jini ba tun tana ciki, yanzu ya fara lalacewa, jikin kuma ba shi da ƙarfin da zai ɗauki wani aiki.

"Likita," in ji Judit, "da na zo ranar da kika ce?"

Likita Madina ce ta amsa.

"Ba zan ce miki tabbas da ta rayu ba. Da dai ta fi samun dama."

"Na gode."

Ta roƙi a fito mata da ita daga kwalbar. Aka cire abin da za a iya cirewa, aka ɗora mata ita a ƙirji, aka rufa musu zani. Ba ta fi nauyin littafin waƙoƙin coci ba. Ruben ya shigo ya tsaya a bayan kujerar, ya sa yatsa ɗaya a tafin ƙafar yarinyar, yatsan ya rufe tafin gaba ɗaya. Judit ta ce sunanta Siman, babu wanda ya ce a jira ranar suna. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Mama Paulina ce ta kwance ƙullin kayanta ta fito da majanyin saƙi da ta kawo daga ƙauye don goyo. Ya zagaye gawar sau uku, har da saura. Maza suka ɗauka, domin mai jego da ɗinki ba ta zuwa maƙabarta. Ta taga Judit ta hango Ruben yana tsallaka harabar asibiti cikin yayyafi, ya rungume ƙullin, wani dattijon coci na riƙe masa lema. A gadon da ke kusa da nata wani jariri ya farka ya fara tsala kuka, uwarsa ta juya baya tana ba shi nono a ɓoye, don kunya.

Da yamma nas ta zo ta ce ta daure ta tashi ta yi tattaki, zama ba ya warkar da ɗinki. Judit ta sauko da ƙafafu, ta laluba silifas, ta dafa bango. Ta bi barandar a hankali, ta wuce ɗakin nas-nas, ta wuce famfo, har ta isa ƙofar ɗakin bakwaini. Wata mata na tsaye a wurin da kofi a hannu tana jiran a buɗe. Judit ta gaishe ta, ta tambaye ta ya mai jiki, matar ta ce ya kwana. Judit ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta juya ta kama hanyar gadonta.